Facin PES 2021 da ya share mini Pillars

Tun da Konami ta koma sabon wasanta eFootball a 2021 ta bar wasan ƙwallon bidiyo na PES 2021 yadda yake, mu da muka ƙi sakin wasan sai dai faci, wato ƙarin fayilolin da masoya wasan ke haɗawa don sabunta shi. Wannan da ake ta zuzutawa kwanan nan ni ma na sauke shi, kuma daren farko har ƙanina na taso daga barci ya zo ya gani. Rigunan bana, fuskoki tsaf, ciyawar fili kamar ka sa hannu ka taɓa. Ba zan ci haƙƙin mai haɗa shi ba, ya iya aiki.

Kashi 14 aka raba shi na RAR. Na tara ya ƙi buɗewa, sai da na sake sauke shi sau biyu da datar dare, ido ya yi jawur. Wannan na yafe, kowa ya san halin netwok ɗinmu. Fayilolin CPK masu ɗauke da kayan facin suka shiga foldar download, DpFileList, wato jerin da ke gaya wa wasan waɗanda zai loda, ya jera su daidai, wasa ya tashi ba gardama.

Washegari ƙanina ya ɗauki pad, yana ta gangarawa cikin jerin ƙungiyoyi, can ya juyo ya ce, "Yaya, ina Pillars?"

Gabana ya faɗi. Wata uku na yi ina gina Kano Pillars da Katsina United da El-Kanemi da hannuna: sunayen 'yan wasa ɗaya bayan ɗaya, lambar riga, kore da ruwan ɗorawa sai da na dace da su. Duk suna cikin fayil guda, EDIT00000000, a foldar save. Ashe manhajar girkawar ta ɗora nata a kai, ba tambaya, ba ta ajiye mini kwafin tsohon ba. Na koma na karanta takardar bayanin da ke cikin kunshin, layi biyar ne, babu inda ya ce a kwafe fayil ɗin tukuna. Haba malam! Wanda ya iya jera gashin gemun ɗan wasa, layi ɗaya na gargaɗi ne zai gagare shi?

Abin da ya ɗan sanyaya mini rai Sider ne, wata 'yar manhaja da ke loda wa wasan ƙarin kaya daga gefe. Filaye da ƙwallaye a can mai facin ya zuba su, ba sai an sake ɗaure CPK ba. In abu bai yi maka ba, ka buɗe fayil ɗin saitin, sider.ini, ka cire layinsa, shi ke nan. Da haka na kashe wani allon maki mai kashe ido cikin minti ɗaya. A nan har na fara cewa zan ba shi tauraro huɗu.

Sai na tuna na tura masa saƙo, ya amsa da cewa ai kowa ya san ana yin bakof, wato ajiye kwafin fayil tukuna. Kowa wa? Biyu na ba shi. Yanzu ina kan mai tsaron gidan Pillars, saura mutum ashirin da wani abu, ga Katsina United ko taɓa ta ban yi ba.