Kafin ka sayi jaruman wasan tebur: yadda ake haɗa tawaga

Wasan da ake jera ƙananan mutum-mutumin jaruman Marvel ko DC, kamfanonin littattafan labarai masu zane na Amurka, a kan tebur su gwabza yana da iri fiye da ɗaya, kuma ba a haɗa jaruman wannan da na wancan, saboda haka zaɓen wasan shi ne matakin farko kafin a taɓa aljihu.

HeroClix, wanda kamfanin WizKids na Amurka ya fitar a 2002, shi ne mafi sauƙin shiga. Jarumansa suna zuwa a haɗe da fentinsu, ana buga shi a kan taswira mai gida-gida, kuma ƙarfin kowane jarumi yana rubuce a faifan da ke ƙarƙashin ƙafarsa, wanda ake murzawa duk lokacin da aka yi masa rauni. Tawagar da aka saba da ita ta maki 300 ce, wato jimillar makin da aka yi wa kowane jarumi a cikinta, kuma akwai 'yan Marvel da 'yan DC duka. Aibinsa ga mai son tsara tawaga shi ne yawancin kwalayensa a rufe ake sayar da su, jarumi biyar a ciki, ba ka san wanda za ka samu ba sai ka buɗe. Wannan cinikin biri a sama ne, kuma wanda ya riga ya san jarumin da yake nema gara ya saye shi shi kaɗai daga masu sayar da ɗai-ɗai.

Marvel: Crisis Protocol na kamfanin Atomic Mass Games, wanda ya fito a 2019, ya fi neman haƙuri. Jarumansa na roba ne, gunduwa-gunduwa a jikin firam, sai ka yanko su da ƙaramar filaya, ka kankare bakin, ka manna da gam, sannan ka zauna da burushi ka yi fenti. Amma abin da aka zana a bayan kwali shi ne a ciki, kuma a ganina wannan kaɗai ya sa ya fi dacewa da mai son ya gina tawagarsa da lissafi.

A wannan wasa ɗan wasa yana zuwa da jarumai 10, amma ba duka ne ke shiga fili ba. Kowane jarumi yana da lambar barazana, wadda ita ce farashinsa a cikin wasa, sannan katunan rikicin da aka zaro, wato katunan da ke faɗin abin da za a yi rububi a kansa a wasan, su ne ke ƙayyade jimillar da aka yarda kowa ya fito da ita, galibi tsakanin 15 da 20. To a nan ne sabon shiga yake yin asarar kuɗi, domin zuciyarsa takan kai shi ga manyan da ya fi so. A ɗauki Hulk mai lamba 6 da Thor mai lamba 5: su biyun sun cinye 11, idan kuwa jimillar 17 ce, saura 6, wato jarumai biyu masu lamba 3. Mutum huɗu ke nan a fili mai ƙafa 3 tsawo da ƙafa 3 faɗi, alhali nasara ba ta kashe abokin karawa kaɗai ba ce, ta tara maki 16 ce ta hanyar tsare wurare da ɗauke kayan da ake rububi a kansu kafin zagaye shida su ƙare. Hulk, duk ƙarfinsa, wuri ɗaya yake iya tsayawa a lokaci guda.

Sharaɗi na biyu shi ne na ƙungiya. Sai fiye da rabin waɗanda suka shiga fili sun kasance 'yan ƙungiya ɗaya, kuma jagoranta yana cikinsu, kafin tawagar ta ci moriyar baiwar jagoran. 'Yan Wakanda misali ne mai kyau na saye mai ma'ana: Black Panther yana da 4, Killmonger 4, Shuri 3, Okoye 2, jimilla 13. Da waɗannan huɗu a hannu, baƙo ɗaya mai lamba 4 ya kai ka 17, mai lamba 2 ya kai ka 15, kuma rinjayen Wakanda bai taɓu ba. Irin su Okoye ba su ne ake ɗaukar hoto a yi alfahari da su ba, amma su ne ke cike giɓin lissafi.

Dangane da kwalin da za a fara da shi, babban kwalin farko ya fi riba ga wanda ba shi da komai, domin ban da jarumai irin su Captain America, Iron Man, Spider-Man da Red Skull, yana ɗauke da 'ya'yan lido na musamman masu fuska takwas, da ma'aunan tafiya da na nisa, da kayan kan titi kamar motoci, waɗanda jarumi mai ƙarfi yake iya sunkuta ya jefi abokin gaba da su. An sabunta wannan kwali a 2023, saboda haka a duba da kyau a tabbatar wanne ake saye. Ƙananan kwalaye masu jarumi ɗaya ko biyu ba su zuwa da 'ya'yan lidon ko ma'auni, sun fi amfani ne ga wanda zai yi aro wurin abokin wasa ko ya sayi waɗannan daban. A tsakiya kuma akwai kwalayen da suka tattara 'yan ƙungiya ɗaya wuri guda, waɗanda su ne gajeriyar hanya ga wanda ya riga ya tsayar da ƙungiyarsa.

Wanda zai sayi tsohon kaya ko na hannu ya lura cewa kamfanin ya sake wa jarumai da dama katunansu bayan fitowarsu ta farko. Mutum-mutumin yana nan da amfaninsa, katin da ke kwalin ne mai yiwuwa ya tsufa, kuma sababbin katunan da littafin dokokin suna shafin kamfanin na intanet kyauta, inda za a iya karanta lambar kowane jarumi a haɗa lissafin goman a takarda tun ba a biya kuɗin kwali ko ɗaya ba.