Yarinyar da ke tsoron ƙiba: siro, jinyar iyali ko kwanciya asibiti?

Hajiya, kin ce ƴarki mai shekara 15 ta rame har al'adarta ta ɗauke, tana tsakurar tuwo loma biyu ta ture kwano ta ce ta yi ƙiba, kina tambaya ko siron buɗe ciki za ki saya ko asibiti za ku nufa. In likita ya duba ya ce ba tarin fuka ba ne, ba ciwon suga ba, to wannan ya yi kama da cutar anoreksiya, wato ƙin cin abinci saboda tsoron ƙiba. Ba tamowa ba ce. Abincin yana gabanta, tsoronsa take ji.

Shi ya sa siron ba zai yi ba. Barci zai sa ta, tsoron yana nan daram. Ko ƙwayoyin likita ƙarfinsu kaɗan ne: olanzapine kan ƙara ɗan nauyi, fluoxetine kuwa bai maido da jiki.

Ga mai shekarunta, abin da ya fi ba da sakamako shi ne jinyar iyali, wadda aka faro a asibitin Maudsley na Landan. Iyaye ke karɓar ragamar abinci bisa jagorancin likita. Ke za ki zuba, ki zauna kusa da ita har ta cinye, ba faɗa, ba gori, ko za ta yi kuka. In jiki ya fara dawowa, sai a riƙa sakar mata ragamar sannu a hankali. A wani bincike na 2010 a Amurka kan matasa 121, shekara guda bayan jinya kashi 49 cikin ɗari na waɗanda aka yi wa jinyar iyali sun warke sarai, waɗanda masanin halayyar ɗan Adam ya riƙa ganawa da su su kaɗai kuwa kashi 23. Aiki ne mai gajiyarwa, dole mahaifinta ya sa hannu.

Ganawar maras lafiya shi kaɗai da masanin halayyar ɗan Adam ta fi dacewa da manya, tana kai zama 40.

Kwanciya asibiti ceton rai ce, ba ita ke cire tsoron ba. In tana suma, ko bugun zuciyarta ya sauka wajen 40 a minti, ku wuce babban asibitin Damagaram yau. Kada ku ɗura mata abinci da yawa lokaci guda, domin gishirin jini na iya faɗuwa zuciya ta tsaya. Addu'a kam a ci gaba, amma azumin nafila ta dakata da shi tukuna.