Shagon maganin gargajiya kusa da kasuwar Tawa da ƙurajen bakina

Shekara 3 ke nan ina fama da ƙurajen baki masu tafiya su dawo, irin waɗanda ke fitowa a cikin leɓe ko a gefen harshe, fari a tsakiya da ja a kewaye, ba su fi ƙwayar dawa girma ba amma sai su hana mutum cin tuwo da miya mai yaji. Sun fi taso mini a lokacin jarrabawa, sa'ad da nake raba dare ina gyaran takardun ɗalibai. Wata maƙwabciyata ce ta kwatanta mini wani ƙaramin shago da ke kusa da babbar kasuwar garin Tawa a Nijar, kuma na je sau 4 kafin in rubuta wannan.

Abin da ya fara kwantar mini da hankali shi ne tsabtar wurin, domin saiwoyi da garin magani suna cikin kwalabe masu murfi, ba a baje su a ƙasa cikin rana da ƙura ba kamar yadda masu talla ke yi ranar Lahadi. Mai shagon dattijo ne marar gaggawa, kuma bai ɗauko komai ba sai da ya tambaye ni tun yaushe abin ya fara, ko suna warkewa da kansu, ko ina zazzaɓi, ko na rame. Daga nan ya ba ni garin bagaruwa, da kanumfari, da ƙaramar kwalbar zuma, duka a kan jika 1 da rabi, wato sefa 1,500.

Bagaruwar ce ta fi yi mini amfani. Ana tafasa garin, a tace, a bar shi ya huce, sannan a kurkure baki da shi sau 3 a rana ba tare da an haɗiye ba. Baurinta yana da ƙarfi ƙwarai, har baki ya ji kamar an ɗaure shi, kuma ba abin mamaki ba ne, tun da ita ce majema ke jima fata da ita saboda sinadarin tanin da ke cikinta. Wannan ɗaurewar ce ke rage raɗaɗin mikin, ta yadda a rana ta biyu na iya shan fura ba tare da na yamutsa fuska ba. Zumar kuwa nakan shafa ta bayan isha'i, kuma na gamsu da kyanta, domin ba ta da ɗanɗanon sukarin da ake dafawa a haɗa da ita. Kanumfari yana kashe zafi na ɗan lokaci, amma ranar da na cika shi sai ya ƙona mini wurin, don haka na ajiye shi.

A da ƙurajen kan ɗauki kwana 10 zuwa sati 2, da wannan magani kuwa sai suka rufe cikin kusan mako guda. Ba zan ba wa bagaruwa duk ladan ba, domin irin wannan miki yana warkewa ko ba a sa masa komai ba. Abin da ba ta yi ba shi ne hana su dawowa, don bayan wata 2 sai ga su a wani gefen.

A nan ne nake da ƙorafi. Da na koma, sai ya kawo mini wani haɗi a leda a kan jika 3, wanda ya ce yana tsige cutar daga tushe. Na ce, “Baba, me da me ke ciki?” Sai ya yi murmushi ya ce sirrin gado ne. Babu rubutu a jikin ledar, babu ranar da aka haɗa shi, awon kuma cokali ɗaya ne kawai, ba a faɗi na shayi ko na cin abinci ba. Na sha har ya ƙare ban ga bambanci ba, kuma ban ji daɗin shan abin da aka ɓoye mini sunansa ba.

Duk da haka shi ne ya ce mini, “Ɗiyata, idan miki ya wuce sati 3 bai warke ba, kada ki zo wurina, asibiti za ki tafi.” Ya kuma hana ni goga kanwa a wurin, ya ce kada a ba jaririn da bai shekara ba zuma. Nawa ba su kai sati 3 ba, amma yawan dawowarsu ya sa na je, kuma gwajin jini ya nuna ina da ƙarancin sinadarin ƙarfe. Likita ya bayyana mini cewa ƙarancin ƙarfe ko bitamin B12, da rashin barci, da damuwa, da wasu man goge baki masu yawan kumfa duk suna iya tayar da su, kuma ba a ɗaukar su daga wani. Na fara shan ƙwayoyin ƙarin jini, na yawaita cin hanta da wake da zogale, kuma tun lokacin sau ɗaya kawai suka fito mini.

Har yanzu a shagon nake sayen zuma da bagaruwa, kuma ƙullin bagaruwa na dala 50, wato sefa 250, yakan kai ni wata guda. Wanda zai je ya tafi da hantsi, domin dattijon yakan rufe da azahar, ranar Juma'a kuma ba ya buɗewa sai bayan la'asar.