Batirin sola: na ruwa ko na litiyam?

A Gombe, duk mai haɗa sola sai ya yi tsaye a kan batir. Na ruwa, wanda masu gyara ke kira tubula, dalma ce da asid a cikinsa. Ya fi araha, ko ya mutu ma 'yan gwangwan za su saya a narka dalmar. Sai dai renonsa sai ka ce na jariri: kullum buɗe murfi kana ƙara ruwa, kada ka sha fiye da rabin cajinsa, ga zafin Afrilu na cin ƙarfinsa. Nawa shekara biyu ya yi, firji ya fara ɗaukewa kafin kiran asuba.

Na litiyam kuwa babu ruwansa da ruwa, kana shan kusan duk cajinsa, kuma yana daɗewa. Kuɗin ne ba wasa. Ostareliya da Chile na cikin ƙasashen da ke kan gaba wajen haƙo ma'adinin, Sin ta tace ta ƙera, mu kuma mu saya da dala. Abin haushi, ga litiyam nan a Nasarawa, har an buɗe masana'antar sarrafa shi a 2024, amma batirin daga waje yake zuwa.

Ni dai in kwasar adashina ta zo, na litiyam zan saya.