Wace Manhajar Kyauta Ta Dace da Auna Jijjigar Inji?

Makanikin da ya daɗe a sana'a yakan ɗora bakin sukundireba a jikin inji, ya kara kunne a mariƙin, ya ce maka boris ya fara ci. Aikin da manhajar auna jijjiga ke yi ke nan, sai dai ita da lambobi take magana. Tana ɗaukar rawar da inji ke yi, ta tsattsage ta da lissafin da ake kira FFT, ta zana maka bugun da ya fi ƙarfi. Injin lantarki mai jan famfon ruwa da ke juyi kusan 1,500 a minti yana juyawa sau 25 a sakan, wato 25 Hz. In tsini ya miƙe a 25 a zanen manhajar, galibi nauyin abin da ke juyawa ne ya karkata gefe guda. In a 50 ya fi tsawo, a duba ko injin da famfon sun sauka daga layi ɗaya.

Kafin ka sauke komai, ka tambayi kanka wane ciwo kake nema, domin shi zai zaɓa maka manhaja.

Mafi sauƙi ita ce phyphox, wadda jami'ar RWTH Aachen ta Jamus ta fitar a 2016. Da na'urar jin motsi da ke cikin wayarka take aiki, kuma tana fitar da bayanai a fayil ɗin CSV, wato jerin lambobi a tebur da kusan kowace manhaja ke iya buɗewa. Ga ɗalibi, ko mai injin niƙa da ke son gane ko fanka ta karkata, ta wadatar. Iyakarta tana wurin wayar. Akasarin wayoyi awo 'yan ɗaruruwa suke ɗauka a sakan, kuma ƙa'ida ita ce ba ka ganin abin da ya kai rabin saurin awonka: waya mai awo 400 ba ta ganin komai sama da 200 Hz. Ma'aunin ISO 20816 kuwa, wato ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta auna jijjigar inji, yawanci daga 10 zuwa 1,000 Hz yake dubawa, ciwon boris a farkonsa ma sama da haka yake ɓuya. Don haka kada ka rubuta wa kamfani rahoto da awon waya. Kuma ka ɗaure ta tam a jikin ƙarfe. In a hannu ka riƙe, rawar hannunka za ka auna.

Akwai masu dabarar Audacity, manhajar gyaran sauti. Ka jona ɗan faifan piezo (mai mayar da jijjiga sakon lantarki) a ramin makirufo na kwamfuta, ka samu awo 44,100 a sakan, kukan boris ya fito fili. Amma ba za ta ce maka jijjigar milimita kaza ce a sakan ba. Kwatanta jiya da yau kawai take iyawa.

Aikin gaske tsakanin GNU Octave da Python yake, waɗanda a cikinsu kai ne za ka rubuta umarnin lissafin. Octave tana karanta mafi yawan rubutun MATLAB, manhajar lissafin injiniyoyi da ake saya da kuɗi, saboda haka wanda ya koyi MATLAB a jami'a zai zauna daram, ga kuma kunshin ABRAVIBE na Anders Brandt da aka rubuta musamman don sauti da jijjiga. Ni dai Python zan nuna wa mai farawa yau. Kunshinta na SciPy na da lissafin Welch na tsattsage jijjiga, da na Hilbert da ake tono ciwon boris da shi, kuma in na'ura za ta kwana tana awo a kan ƙaramar kwamfutar Raspberry Pi, Python ta fi sauƙin sarrafawa. Ga masu zanen manyan injuna masu juyi akwai ROSS, da aka gina a Brazil da hannun kamfanin mai na Petrobras, amma hasashe take yi, ba awo ba.

Kuɗinka a na'urar awo zai tafi. ADXL345 mai araha tana kaiwa awo 3,200 a sakan, ta isa ganin karkata da sakin noti. Farautar boris tana son na'urar IEPE, wato na'urar jin jijjiga ta ƙwararru, da akwatin karɓar bayananta, kuma kafin ka biya ka tabbatar akwatin yana fitar da CSV ko fayil ɗin sauti na WAV, don wasu manhajar kamfaninsu kaɗai ke buɗe fayil ɗinsu. Kafin kayan su iso, sauke bayanan lalatattun boris da jami'ar Case Western Reserve ta Amurka ta sa kyauta a intanet, ka gwada hannunka a kansu.