Katin jadawalin sau da na saya a Taminus: abin da na gani cikin wata biyu

'Yata tana aji uku a firamare. Idan aka ce ta kawo jadawalin sau, wanda suke kira taims tebur, za ta rero shi tiryan-tiryan har da kaɗa kai, don haka na daɗe da sakin jiki cewa ta iya. Asiri ya tonu ne a kasuwar Farin Gada a nan Jos, gaban mai tumatir. Na ce mata, "Kashi bakwai, kowanne tumatir shida, nawa ke nan?" Sai ta runtse ido ta faro daga shida sau ɗaya, tana bi a jere, ta ɓace a hanya, ta sake komawa farko. Ashe waƙar ce ta zauna mata, in aka tsinko ta daga tsakiya shi ke nan. Abin ya tsaya mini a rai, domin jarrabawar shiga sakandare da NECO ke shiryawa a aji shida tana da ƙayyadadden lokaci.

A makon na sayi katin a wani shagon littattafai a Taminus. Guda 144 ne, daga 1 × 1 zuwa 12 × 12, tambaya a gaba, amsa a baya. Lambobi ne zalla, saboda haka da Hausa ko da Turanci duk yana tafiya.

Kuskuren farko nawa ne. Na zube mata su duka a tabarma, yarinya ta ga tuli, idonta ya ciko da ƙwalla. Yayanta ne ya cece mu. Ya ɗauko kiret ɗin ƙwai ya ce ta ƙirga: layi 5, kowanne 6, talatin. Ya juya kiret ɗin: layi 6, kowanne 5. Ta ɗago ta ce, "Yaya, ai duk ɗaya ne!" Nan take muka haɗa kowane kati da tagwayensa, 144 suka koma 78. Da muka ware na sau 1 da na sau 10, waɗanda ba sa ba kowa wahala, saura 55. Wallahi har fuskarta sai da ta sake. Babansu ma ya tuna mana cewa gidajen dara 30 ne, a jere iri ɗaya da na kiret ɗin.

Daga nan ya zama wasa. Bayan sallar magariba, ga sanyin Jos na hunturu, muna zagaye da kaskon gawayi, minti goma kacal. Ina ɗaga kati, wanda ya riga faɗin amsa ya ɗauke, mai yawan kati ya ci gyaɗar. Yayan kan jinkirta kaɗan ya ba ta dama. Duk katin da ta faɗi a kansa sai ya shiga gwangwanin madara, gobe da shi za a fara. Wannan gwangwanin shi ne ya fi komai amfani, don ya nuna mini ainihin inda take tuntuɓe, na daina ɓata mata lokaci a kan abin da ta riga ta sani.

Masu taurin kai su ne 7 × 8 da na sau 9. Na farko mun kama shi da jeren 5, 6, 7, 8, wato 56 shi ne 7 × 8. Na tara kuwa da yatsu: ki buɗe hannu biyu, in 9 × 4 ne ki lanƙwashe yatsa na huɗu daga hagu, uku sun rage a hagunsa, shida a dama, 36. Kwana biyu tana koya wa 'ya'yan maƙwabta.

Sai dai katin yana da aibi. Takardar ba ta da kauri, in fitila na bayanki amsar na leƙowa, kuma yara ba su da wuyar gano haka. Bakinsa ya fara tauyewa tun mako na uku, sai da na bi su da salatif. Babban abin da ya dame ni, babu ko ɗan bayani a ciki na yadda za a yi amfani da shi. Uwar da ba ta da wanda zai nuna mata dabarar kiret za ta iya mayar da shi wata haddar, har da tsawa.

Zan ce a saya, in akwai mai zama da yaron kullum. In kuɗi ya yi wuya, kwalin taliya da almakashi da biro sun wadatar, jadawalin ma yana nan a bayan littafin rubutu. Mu yanzu kati uku suka rage a gwangwani, 7 × 12 da 8 × 12 da 6 × 9, kuma jiya ita ta ɗauko shi da kanta tun ban naɗe sallaya ba.