Gargaɗi ga iyaye da malaman makarantu a Abuja kan masu tallar rokar wasa "da injinta"

Jama'a, a yi hattara da wasu shafuka a Instagram da Facebook da ke tallar ƙananan rokoki na gwaji, irin waɗanda ake harhaɗawa da hannu a harba su sama su sauko da lema. Makarantu masu ƙungiyar kimiyya suka fi nema, sai iyayen da ke son faranta wa ɗa mai sha'awar sararin samaniya. Tallar kusan iri ɗaya ce: hoton roka mai kamannin Saturn V, wadda ta kai 'yan sama jannatin Amurka duniyar wata a 1969, da alƙawarin cewa komai na cikin kwali har da inji, kuma ɗan aike zai kawo maka Wuse ko Gwarinpa ko Kubwa kafin magariba. Sharaɗi ɗaya ne, ka tura rabin kuɗi a matsayin kafin alƙalami.

Abu uku ke biyo baya. Ko dai mutumin ya yi ɓatan dabo da zarar ya ga alat, ko ya aiko da rokar roba ta ado wadda ake ajiyewa a kan tebur, ko kuma, wanda ya sa muka rubuta wannan, ya aiko da jikin roka tare da wani abu da aka ɗura a gida ya kira shi inji. Na farko da na biyu asarar kuɗi ce. Na uku yana iya cin yatsun yaro ko idonsa.

A kan injin ƙaryar take tonuwa, don haka bari mu tsaya a nan. Injin ƙaramar roka na gaskiya, irin na kamfanin Estes na Amurka, bututun takarda ne mai kauri da aka naɗe da ƙarfi. A gindinsa akwai bakin yumɓu mai ɗan rami, a ciki akwai albarushin da injin masana'anta ya danne ya zama dunƙule guda, sai sashen jinkiri mai fitar da hayaƙi, sai ɗan abin da ke tunkuɗo lema a ƙarshe. Wanda aka fi amfani da shi faɗinsa milimita 18 ne, tsawonsa milimita 70. Ƙaraminsa milimita 13 ne, na ajin D kuma milimita 24. A jikinsa an buga sunan kamfani, da lambar ranar ƙira, da lamba irin A8-3 ko B6-4 ko C6-5. Bugawa ce ta masana'anta, ba rubutun maka ba, ba sitika ba.

Lambar nan tana da ma'ana, kuma ita ce tambayar da za ka fara yi wa mai talla. Harafin yana nuna jimillar ƙarfin injin: A ba ya wuce niyuton-sakan 2.5 (ma'aunin jimillar turin inji ke nan), B ya kai 5, C ya kai 10, D ya kai 20, wato kowane harafi ninkin na bayansa ne. Lambar tsakiya matsakaicin turi ne. Ta ƙarshe kuma daƙiƙoƙin da ke tsakanin ƙarewar wuta da fitowar lema. C6-5 yana jiran daƙiƙa 5, wanda ya dace da siririyar roka mara nauyi da ke ci gaba da hawa bayan wuta ta mutu. Roka mai kamannin ta gaske, da yake ta fi faɗi da nauyi, ba ta daɗewa tana hawa, shi ya sa ake sa mata mai gajeren jinkiri kamar C6-3. In aka sa mata mai dogon jinkiri, sai ta juyo ta kusa sukar ƙasa kafin lema ta buɗe. Wanda lambarsa ta ƙare da sifili kuwa ba shi da jinkiri ko abin tunkuɗo lema, na matakin farko ne a roka mai hawa biyu. Mai sayarwar da ya ce maka "duk ɗaya ne, ranka ya daɗe" bai taɓa harba roka ba.

Sannan ka tambayi kanka ta ina injin ya shigo. A dokar sufurin kaya ta duniya, yana cikin aji na 1, ajin abubuwa masu fashewa, ba a sa shi a jakar fasinjan jirgin sama, kuma kamfanonin aike ba sa karɓarsa kamar takalmi. Shi ya sa ko a ƙasashen da ake ƙera su, galibi daban ake sayar da kwalin roka, daban ake sayar da inji. A nan gida, shigo da kaya masu fashewa yana buƙatar takardar izini daga Ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara kan Harkokin Tsaro. To wanda ya ce yana da kwali-kwali a ɗakinsa, zai ɗora wa mai babur ya bi da su ta shingayen binciken Abuja, ko dai ba shi da komai, ko abin da yake da shi ba abin da ya faɗa ba ne. Wasu har tambarin NASRDA, hukumar binciken sararin samaniya ta Najeriya, suke mannawa a hoton talla. Hedikwatar hukumar tana nan Lugbe a kan hanyar filin jirgi, wanda ke shakka ya je ya tambaya ko sun san mutumin.

Injin jabu ba ya ɓuya. Guntun bututun PVC na famfo, ko kwankon ƙarfe, ko kwalin wasan wuta na Kirsimeti da aka naɗe da salatif, sau da yawa da lagwani a gindi da za a kunna da ashana. An zaɓi takarda ne a injin gaskiya don in ya fashe ya yage kawai. PVC da ƙarfe kuwa tarwatsewa suke yi su zama tsini masu tashi ko'ina. Lagwanin kansa ya isa hujja. Rokar gwaji da lantarki ake kunna ta: ana cusa ɗan siririn makunni a bakin yumɓun, a toshe da 'yar roba, a haɗa da wayar da ba ta gaza mita 5 ba zuwa akwatin batir mai makullin tsaro da ake zarewa. In ba ta tashi ba, a zare makullin, a jira daƙiƙa 60 kafin kowa ya matsa kusa. Da lagwani babu wannan damar, fuskar mai kunnawa na kan abin.

Ko injin asali ma yana lalacewa in an wulaƙanta shi. Zafi da sanyi suna sa dunƙulen albarushin ya tsage ko ya rabu da jikin takardar, sai wuta ta kama wuri da yawa lokaci guda ya fashe a kan sandar harbi. Injin da ya yi makonni a but ɗin mota a zafin watan Maris na Abuja, ko wanda ya faɗo kan siminti, ba abin yarda ba ne.

Jikin rokar ya fi sauƙin tantancewa. Ka nemi bidiyon kayan a shimfiɗe, da sunanka rubuce a takarda a gefe, domin hotunan tallar daga intanet ake kwaso su. Ya kamata ka ga bututun kwali mara nauyi, da hanci mai zamewa ya fita, da fukafukan katakon balsa ko roba, da mazaunin inji mai ƙugiyar ƙarfe da zoben tokare, da igiyar roba mai haɗa hanci da jiki, da lema, da ɗan bututu kamar tsinken shan lemo da ke manne a gefe don zamewa a kan sandar harbi mai kaurin milimita 3. In babu mazaunin inji da wannan ɗan bututun, ta ado ce. Ka sa a auna tsawon kuma. Saturn V ta gaske ta kai kusan mita 110, don haka mai ma'aunin 1:100, wato kashi ɗaya cikin ɗari na girmanta, za ta kai santimita 110, mai 1:200 kuma 55. Abin da bai fi kamu ɗaya ba aka ce maka 1:100 ne, zare ba kalar yadin ba ne.

Wani abin da masu kwaikwayo ke cirewa don rage kuɗi shi ne takardar kare lema, wadda aka jiƙa da sinadarin hana kama wuta. Sai su ce a sa tishu. Tishu kamawa take yi ta faɗo da wuta, kuma kowa ya san yadda ciyawa take a hunturu. Haka suke cire ɗan curin yumɓun da ake dannawa a cikin hancin rokar. Rokoki masu kwaikwayon na gaske fukafukansu ƙanana ne, don haka dole nauyi ya rinjaya gaba. Ƙa'idar ita ce wurin da roka ke daidaita a kan yatsa, da inji a cikinta, ya kasance gaban wurin da iska ke turawa da aƙalla faɗin jikinta ɗaya. Gwajin ba ya cin ko kwabo: ka ɗaura igiya a daidai wurin, ka wulwula ta a kewayen kanka. In hanci ne ke gaba, madalla. In tana tuntsurawa, haka za ta yi a sama, ta nufi cikin 'yan kallo.

Mai tallar da ya ce filin ƙwallon makaranta ya isa, shi ma a bar shi. Injin C yana son fili mai faɗin mita 120 ta kowane gefe, ba bishiya, ba wayar lantarki, ba busasshiyar ciyawa, ba a kuma harbi in iska ta wuce kilomita 32 a awa. Balle a Abuja, inda ga filin jirgin Nnamdi Azikiwe, ga barikoki, ga fadar shugaban ƙasa. Ba a tashi komai sama sai an tuntuɓi NCAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama, da 'yan sandan yankin. Makarantar da ba ta da wannan hali ta yi rokar ruwa da gorar lemo da famfon keke, darasin turi da daidaito duk ɗaya ne.

Wanda ya riga ya tura kuɗi ya adana hoton hirar da lambar asusun, ya sanar da bankinsa a ranar, ya kai ƙara wurin 'yan sanda ko EFCC. Wanda kuma irin wancan injin na gida ya riga ya shigo hannunsa, kada ya yanka shi don ganin ciki, kada ya gwada ko guda, kada ya jefa a shara inda ake ƙonawa. Ya ajiye shi a inuwa nesa da yara da janareto, ya kira 'yan sanda su turo masu kwance bam su ɗauke.